FITILAR MAI BINCIKE: Waƙar Umdurman da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya gaskiya ta zama haske, ƙarya kuwa duhu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan 'yar waƙa ce mai baiti 31 tare da sharhinta, mun tsara ta domin 'yan'uwa muridai da sauran Musulmi. Maƙasudinta gargaɗi a kan yaudara, da kira zuwa ga bincike kafin a gaskata labari. Mun ɗauko misalanta daga Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, domin ƙasa ce wadda kakanninmu suka ratsa da ƙafa a hanyar Hajji, da yawansu suka zauna can suka hayayyafa, har yau zuriyarsu na nan. Abin da ya sami tarihinta ya shafe mu. Allah muke roƙo Ya sa aikin ya zama dominSa.

FASALI NA FARKO: MA'ANAR YAUDARA

Muka ce:

1. Da sunan Ta'ala nake fara waƙa,
Masanin abin da ke cikin zuciya.

2. Salati ga Manzo, fiyayyen halitta,
Al'aminu, tushen dukan gaskiya.

3. Da alai, sahabbai, da shaihunnanmu,
Da sun ka riƙe igiyar Ƙadiriyya.

4. Ku saurara ikhwanu, zan gargaɗe ku,
A kan yaudara mai kama da shiriya.

5. Ba ta zuwa da fuskarta a fili,
Takan ari rawani, ta sha kwalliya.

Sharhi: Ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, yaudara ita ce a nuna maka zahiri wanda ya saɓa wa baɗini domin a ci wata riba da kai. Ta fi ƙarya tsagwaronta hatsari, domin ƙarya tsirara kowa na iya gane ta, amma yaudara sai ta gauraya da gaskiya sa'an nan take ciwuwa. Imamu Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne. Ya tsawatar masa, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. To, lura: hatsin da ke sama hatsi ne na gaske, ba tsakuwa ba ne. Laifin yana ga abin da aka ɓoye a ƙarƙashi. Haka littafi yake, haka majigi yake, haka mai ba da labari yake.

Maganin wannan cuta Allah Ya saukar da shi a Suratul Hujurati, inda Ya umurci muminai da su yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, domin kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri sun ce an aiki wani mutum ya karɓo zakkar Banu Musɗaliƙ, ya komo ya ce sun hana har sun nemi kashe shi. Da aka bincika sai aka tarar mutanen suna kan Musuluncinsu, suna kiran salla. Da an yi gaggawa da an zubar da jinin masu salla a kan labari guda. Wannan bincike shi malamai ke kira tabayyuni, shi ne kuma ginshiƙin wannan waƙa tun daga farkonta har ƙarshe.

FASALI NA BIYU: ABIN DA YA AUKU

6. Mu je Umdurman a gaɓar Nilu,
Wurin da ruwa biyu ke zam ɗaya.

7. A can wani shaihu ya ɗaga tuta,
Ya ce an ba shi sirrin Mahadiyya.

8. Talakka ya gaji da harajin Turku,
Ya amsa kira nasa, ya bar dukiya.

9. Hartum ta faɗi, aka kar da Gordon,
Kuka ya tashi a Birtaniya.

Sharhi: Hartum tana daidai mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Umdurman kuwa tana tsallake ta yamma. Tun shekarar 1821 ta Miladiyya ƙasar ta shiga hannun Muhammadu Ali Basha na Masar, mulkin da mutanen Sudan ke kira Turkiyya. An yi shekara sittin ana tatsar haraji da bulala, ana farautar bayi, ana naɗa Turawa Nasara gwamnoni a kan Musulmi.

Cikin wannan hali Muhammadu Ahmad ɗan Abdullahi ya bayyana. Mutumin wajen Dongola ne, ɗan gidan masassaƙa jiragen ruwa, ya yi karatu, ya shiga ɗariƙar Sammaniyya, ya shahara da zuhudu a tsibirin Aba. A shekarar 1298 ta Hijira, daidai da 1881, ya yi shelar cewa shi ne Mahadi. Mabiyansa, waɗanda ya kira Ansaru, suka ci birnin Ubayyid a farkon 1883, suka hallaka rundunar Hicks Basha a Shaikan cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

Sai Ingila ta aiko Gordon Basha, ya iso Hartum a Fabrairu 1884. Ya aika wa Mahadi da alkyabba da jar dara, da tayin ya zama sarkin Kordofan. Mahadi ya mayar da kayan, ya haɗa da jibba mai faci irin ta Ansaru, ya kira shi zuwa ga Musulunci. Ka riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa: abin da ya gudana tsakaninsu wasiƙu ne da manzanni. Aka kewaye birnin wajen wata goma, ya faɗi ran 26 ga Janairu 1885, aka kashe Gordon a fadarsa, jiragen da suka zo ceto suka iso bayan kwana biyu. Mahadi bai daɗe ba, ya rasu a Umdurman cikin Yuni na shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi ya yi mulki shekara 13.

FASALI NA UKU: YAUDARA DA RIGAR IMANI

10. Akwai wani Nasara ana ce Salatin,
Ya furta shahada, ciki ko riya.

11. Ya ɗau Abdulƙadiri ya zam sunansa,
Ya sa jibba, ya bi sahu da biyayya.

12. Shekara sha ɗaya yana hannun Ansar,
Idonsa na ƙirge, yana ajiya.

13. Tsaga ƙirji ba aikin bawa ba ne,
Mu zahiri, Allah ke da niyya.

Sharhi: Wannan shi ne Rudolf Slatin, mutumin Ostiriya, wanda mutanen Sudan ke kira Salatin Basha. Yana saurayi aka naɗa shi gwamnan Darfur a 1881. Da Ansaru suka matsa masa, sojojinsa Musulmi suka fara gunaguni cewa ba su cin nasara ne domin shugabansu Kirista ne. Sai ya tara su a 1883 ya furta kalmar shahada a gabansu, ya ɗauki sunan Abdulƙadiri. A ƙarshen shekarar ya miƙa wuya. Lokacin da aka kewaye Hartum ya rubuta wa Gordon a asirce yana neman ya gudo wurinsa, Gordon ya ƙi shi saboda ya bar addininsa, Ansaru kuma suka zarge shi suka sa masa mari. Bayan an kwance shi ya zama cikin masu tsaron ƙofar Halifa a Umdurman, yana salla cikin sahu, yana jin abin da ake faɗi a fada. A Fabrairu 1895 ya sulale da dare a kan raƙumi, ya isa Aswan, ya koma addininsa na da. Shi da kansa ya rubuta cewa musuluntar tasa dabara ce.

Idan wani ya ce: ashe Ansaru sun yi wauta da suka karɓi shahadarsa? Sai mu ce a'a. Shari'a ta umurce mu da hukunci da zahiri. Usamatu ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da shi, ya kashe wani a fagen fama bayan ya furta shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Manzon Allah ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Saboda haka wanda ya karɓi shahada bai yi laifi ba, nauyin yana wuyan mai furtawa.

Idan kuma wani ya ce: ai tilas ce ta sa shi, kamar Ammaru ɗan Yasir, sai mu ce ƙiyasin bai yi daidai ba. Ammaru mumini ne da aka azabtar har harshensa ya faɗi abin da zuciyarsa ke ƙi. Salatin kuwa lokacin da ya furta yana gwamna ne, da bindigogi a hannunsa, ya yi ne domin mulkinsa ya tsaya. Duk da haka ba ma musun cewa ya sha wahalar ɗauri, fursuna kuma ba a zarginsa don ya nemi kuɓuta. Inda gizo ke saƙa shi ne wannan: karɓar shahadar mutum abu ne guda, karɓar ruwayarsa abu ne dabam. Malaman hadisi ba su karɓar ruwayar wanda aka tabbatar ya yi ƙarya. To, yaya mutumin da ya shaida wa duniya cewa ya yi shekara goma sha ɗaya yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba zai zama shi ne babban mai ruwayar tarihin waɗannan mutane?

FASALI NA HUƊU: YAUDARA DA TAWADA

14. Da ya tsere sai ya ɗau alƙalami,
Da mai leƙen asiri tsaye a baya.

15. Su zuba gaskiya kaɗan cikin kasko,
Su cika da son rai, su kaɗa miya.

16. Tawada ta fara, harsashi ya biyo,
A Karari aka ga ƙarshen tafiya.

17. Su rushe ƙubba, su tone kabari,
Su ce wai sun zo da tarbiyya.

Sharhi: Mai leƙen asirin shi ne Wingate, shugaban sashen asiri na rundunar Masar wadda Ingilishi ke jagoranta. Shi ya shirya gudun Salatin, shi kuma ya mayar da littafinsa Ingilishi ya gyara shi, aka buga a 1896. Larabawa sun fassara shi da sunan As-Saifu wan-Naru fis-Sudan, watau takobi da wuta a Sudan. Kafin wannan, a 1892, Wingate ɗin nan ya fitar da labarin wani limamin Kirista mai suna Ohrwalder wanda shi ma ya gudo daga Umdurman. Littattafan biyu suka bazu a Turai, suka cusa wa mutane cewa babu kome a Sudan sai zalunci, cin ƙasar kuwa jin ƙai ne ga mutanenta. A shekarar da littafin Salatin ya fito, a cikinta rundunar Kitchener ta fara hawowa ta Dongola, Salatin na cikinta yana nuna hanya.

Ran Juma'a 2 ga Satumba 1898, daidai da shekarar 1316, aka haɗu a Karari, arewa da Umdurman. Ansaru wajen dubu 50, mafi yawansu da masu da takubba, suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa. Kafin azahar an kashe musu fiye da mutum dubu 10, a ɗaya ɓangaren kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Aka bar dubban masu rauni a fili, aka ƙarasa wasu. Sa'an nan aka rushe ƙubbar Mahadi, aka tone kabarinsa, aka zuba ƙasusuwan a Nilu, aka ɗauke ƙoƙon kan, daga baya aka binne shi a Wadi Halfa. Sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina ƙubbar. Salatin kuwa aka naɗa shi babban sufeton Sudan daga 1900 zuwa 1914, ya zama mai faɗa a ji a kan mutanen da ya yi salla a bayansu.

Ga misali biyu na yadda ake ɓoye danshi ƙarƙashin hatsi. Na farko, Winston Churchill yana saurayi ya halarci Karari, ya rubuta littafi a kan yaƙin a 1899, a ciki ya soki tone kabarin da abin da aka yi wa masu rauni. Da aka sake buga littafin a taƙaice a 1902, sai aka zare mafi yawan wannan suka. Wanda ya karanta bugu na biyu ba a yi masa ƙarya ba, amma an rufe masa ido. Na biyu, hukumar Ingilishi ta yaɗa cewa mutanen Sudan sun ragu daga sama da miliyan 8 zuwa ƙasa da miliyan 2 a zamanin Mahadiyya. Wa ya ƙirga? Ba a yi ƙidayar jama'ar Sudan gaba ɗaya ba sai a 1955 zuwa 1956. Adadi ne na kintace, amma da yake an rubuta shi da lambobi sai ya yi kwarjini, marubuta suka yi ta kwafa daga juna.

FASALI NA BIYAR: YAUDARA DA HOTO

18. Da zamani ya juya sai ga majigi,
A ɗaki mai duhu, da kuɗi a biya.

19. Bature ya shafa baƙi a fuska,
Ya ce shi ne Mahadi, babu kunya.

20. Su zaunar da shi da Gordon a tanti,
Ba su taɓa haɗuwa ba a duniya.

21. Ido ya fi kunne gaggawar yarda,
Yaro ya ce tarihi, ashe tatsuniya.

Sharhi: A 1966, shekara 81 bayan faɗuwar birnin, aka fito da wani babban fim mai suna Khartoum. Ba'amurke Charlton Heston ya fito a matsayin Gordon, Baturen Ingila Laurence Olivier kuwa aka shafa masa baƙi aka naɗa masa rawani ya fito a matsayin Mahadi. A Masar aka ɗauki yawancinsa. Ƙashin bayan wasan shi ne ganawar mutanen biyu ido da ido a tantin Mahadi suna jayayya. Mun riga mun gaya maka cewa wasiƙu ne kaɗai tsakaninsu. Mai tsara wasan ya ƙago zaman, ya ƙago maganganun, ya sa su a bakin mamaci wanda ba shi da ikon ya ce ban faɗa ba. An kuma nuna Gordon a matsayin mai 'yanta bayi. Gaskiya ne ya yaƙi fataucin bayi a zamansa na farko, amma da ya komo a 1884 ya yi shelar cewa ba za a taɓa masu bayi ba, domin ya sami goyon bayansu.

Akwai kuma wani ƙagaggen labari na 1902 mai suna The Four Feathers, watau gashin tsuntsu huɗu, wanda aka mayar fim sau da yawa, har da na 1939 da na 2002. Jaruminsa hafsan Ingila ne da ya ɓad da kama ya shiga cikin mutanen Sudan. A nan ɓad da kama ta zama jaruntaka, mutanen ƙasa kuwa taro ne mai ihu wanda ba a san sunan kowa ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A majigi wannan karin magana ya zama tarko, domin abin da ka gani an shirya shi ne don ka gani. Mai karanta littafi yana iya tsayawa ya yi tunani, mai kallo kuwa hoto na korar hoto, kiɗa na jan zuciyarsa, ya fito yana rantsuwa ya ga Mahadi. Ba muna magana a nan kan hukuncin kallo ba ne, wannan mas'ala ce mai babinta. Abin da muke cewa shi ne, hoto ba ya zama shaida a kan mutanen da suka shuɗe.

FASALI NA SHIDA: ADALCI, DA YAUDARAR KAI

22. Amma kar ƙiyayya ta sa mu karkata,
Mu rama wa ƙarya da wata ƙarya.

23. An yi yunwa, an zubar da jinin Musulmi,
Matamma ta shaida, ta sha wuya.

24. Shehu ya ce shi ba Mahadi ba ne,
Ya bar mana mudu, mu bar fariya.

25. Hayatu ya bi Rabe da kyautata zato,
Da ya so fita aka tare hanya.

26. Mafi tsananin ruɗi na ranka ne,
Ka so abu, sai ka ƙi yin tambaya.

Sharhi: Allah Ya hane mu a Suratul Ma'ida da barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Saboda haka ba za mu ce duk abin da Salatin ya rubuta ƙarya ne ba. Ranar da Hartum ta faɗi an kashe dubban mutanen gari, da yawansu Musulmi. A shekarar 1306 an yi yunwar da har yau ake kira Sanatu Sitta, yaƙe-yaƙe da kwashe manoma daga gonakinsu suka ƙara mata tsanani. A 1897 rundunar Halifa ta afka wa Ja'aliyyawa a Matamma ta yi musu kisa mai muni. Wanda ya ɓoye waɗannan don kishin Musulmi shi ma ya sa busasshe a sama.

Game da da'awar kanta, manyan malamai a Hartum da Azhar ba su karɓe ta ba. Shaihun Sanusiyya an yi masa tayin kujerar halifa ya ƙi. Sakkwato ba ta yi mubaya'a ba. Hujjarsu ita ce alamomin da hadisai suka ambata ba su cika ba, ga shi kuwa ya rasu bai kai Makka ba. Ya kuma umurta a ajiye ɗariƙu da mazhabobi a riƙi Ratibinsa. Muna shaida masa da zuhudu da ƙin zalunci, muna shaida wa mutanen Karari da jaruntakar da abokan gabansu ma suka yaba, sauran al'amari mu bar wa Allah. Mudun da muke awo da shi na Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Allah Ya yarda da shi. Mutane sun so su kira shi Mahadi a lokacin da kome na hannunsa, ya ƙi, har ya wallafa littafi mai suna Tahziril Ikhwan yana gargaɗi a kan wannan da'awa. Wanda aka miƙa wa rawanin da ba nasa ba ya mayar, shi ne mai gaskiya.

Dubi kuma Malam Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Sai ga Rabe ya zo daga Sudan da tutoci da jibbar Ansaru. Hayatu ya haɗa kai da shi, ya auri 'yarsa Hawwa, aka ci Barno a 1893, aka ƙone Kukawa. Da ya bayyana cewa mulki Rabe ke nema, Hayatu ya yi ƙoƙarin barin Dikwa, sai Fadarallah ɗan Rabe ya bi shi aka kashe shi a 1898. Malami ne, ɗan gidan ilmi, amma jibba da tuta sun rufe masa abin da ke ƙarƙashi. Wannan shi malaman tasawwufi ke kira gururu, watau rai ya so abu har ya daina tambaya a kansa. Mayaudari na waje ba ya shiga sai ta ƙofar da son zuciya ya buɗe masa.

To ina za a nemi gaskiyar? A tara shaidu a gwada su. Wasiƙun Mahadi da na Halifa sun wanzu, Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya tattara na Mahadi ya buga. Akwai littafin Tarikhu Hayati na Shaihu Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi cikin Ansaru, ya faɗi alherinsu da aibinsu har da nasa, shi ne kuma ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, wadda zuriyarsa suka raya har ta haifi Jami'ar Ahfad ta Umdurman. Har cikin Turawa an sami masu adalci, kamar Holt wanda ya koma ga takardun Ansaru ya fitar da littafinsa a 1958. Ba launin fata ake dubawa ba, amana ake dubawa.

FASALI NA BAKWAI: ZAMANINMU, DA RUFEWA

27. A yau majigi na cikin aljihu,
Kowa da nasa, dare da safiya.

28. Hartum ta ƙone, Umdurman ta koka,
Ana ta turo hotuna ta waya.

29. Ka ce: wa ya faɗa? Ya gani da idonsa?
Me zai samu? Kana ka gaya.

30. Ilahi Ka kashe wutar Sudan,
Ka mai da bayinKa gida lafiya.

31. Tamat, baiti talatin da ɗaya,
Salati ga Manzo, ga Allah godiya.

Sharhi: Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Su da zuriyar mahajjata sun yi noma a Jazira da Gadarif, sun cika unguwanni a Hartum da Umdurman. A watannin Yuli da Oktoba na 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, aka rasa ɗaruruwan rayuka, maganganun ƙiyayya da ake yaɗawa ta waya suna ƙara wa wutar itace. Ran 15 ga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan ƙasa da rundunar Da'amus Sari'i, fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, aka wawashe babban gidan tarihi na ƙasa. Kowane ɓangare ya yi ta watsa hotuna, ana ɗauko tsohon hoto a ce na yau ne, ana ɗauko na wata ƙasa a ce na Umdurman ne, har an kai ana ƙera murya da fuska da na'ura. Abin da Wingate ya buƙaci maɗaba'a da shekaru kafin ya yi, yau yaro na yinsa da yatsa guda a Facebook da WhatsApp.

Saboda haka ya ku muridai, ga wuridi na huɗu bayan istigfari da salati da hailala, shi ne tambaya uku na baiti na 29. Wa ya faɗa, an san shi da gaskiya? Ya gani, ko ji ya yi? Me zai samu idan na gaskata? Idan labarin ya yi wa ranka daɗi, to ka ninka binciken, domin nan ne gururu ke laɓewa. Idan ba ka sami amsa ba ka kame hannunka, domin ya zo a hadisi cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Harshen da ke ambaton Allah da asuba bai dace ya kwana yana dakon ƙarya ba, yatsan da ke jan tasbaha kuma za a tambaye shi abin da ya tura. Ku koya wa 'ya'yanku tarihin kakanninsu daga malamai da littattafai amintattu, da daɗinsa da ɗacinsa, kafin majigi ya riga ku. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Ya Allah Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon binta, Ka nuna mana ƙarya Ka ba mu ikon guje mata. Ka jiƙan waɗanda suka kwanta a Karari da Burmi da Matamma, da waɗanda suka rasu a wannan fitina ta zamaninmu. Ka haɗa kan mutanen Sudan, Ka tsare ƙasashenmu, albarkar Annabi da Alƙur'ani, da albarkar Sidi Abdulƙadir Jilani. Amin.

Tamat bi hamdillahi. Wanda ya karanta ya sa mu cikin addu'a, da iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmi.